Ƙara Ruwa

Tun hantsi na hura wutar sauna
a gaɓar tafkin Pielinen, inda iska ke yankan kunne.
Ɗakin katako ne, ba shi da bututun hayaƙi,
kunkunniyar shekara tamanin ta ɗinka masa baƙar riga.
Awa shida ina cusa itace
har duwatsu suka yi ja,
sannan na buɗe ƙofa hayaƙi ya fice,
na kwashe toka, na wanke benci.

A nan kakata Impi ta durƙusa sau biyu,
ta haifi Aulis, ta haifi Reijo.
A nan mata suka yi mata wankan ƙarshe.
Takan ce, ɗakin da ya karɓe ka tsirara
zai kuma sallame ka tsirara,
to ka shige shi da ladabi, kamar coci.
Ba a zagi, ba a ɗaga murya,
ba a shigowa da bashi.

Shekara goma sha ɗaya 'ya'yanta ba sa ga maciji
a kan iyakar daji, a kan bishiya goma sha bakwai
da babana ya sare, baffa ya ƙirga kututturai.
Yau ma a makabarta kowa ya kama gefensa na akwati,
ido a kan takalmi.

Na hau ɗakin ajiya neman tsintsiyar ganye,
rassan koivu da takan ɗaure duk tsakiyar bazara.
Saura ɗaya tak.
Na jiƙa ta a ruwan ɗumi har ta farfaɗo,
ƙamshin Yuni ya tashi cikin Nuwamba.
Na ajiye ta tsakiyar benci, na ja bakina.

Suka shiga, babana gaba, baffa baya.
Ni ina waje, na jingina da bango,
ɗumi na ratso katako yana taɓa mini baya.

Shiru.
Sai ludayi ya bugi guga.
Sai duwatsu suka ja dogon tsaki.

Na san aikin tururi.
Yakan fara da kunne, ya gangaro wuya,
ya bi jijiya yana kwance ƙulli ɗaya-ɗaya,
ya sa jini gudu alhali mai shi na zaune,
ya matse gajiya ta fito ɗigo-ɗigo.
Busasshen tarin baffa, mai kama da tsagar itace,
na ji ya yi laushi, ya saki ƙirji.

Can sai ganye ya sauka a fata: fyaɗ! fyaɗ!
Da ƙarfi, kamar ana kakkaɓe darduma.
Nishin da nake ji na babana ne,
ga shi kafaɗarsa ta daina ɗaguwa tun bara,
ko riga ni nake sa masa.
To hannun wa?
Na ƙirga. Goma sha bakwai.
Daga nan bugun ya sassauta,
ya koma shafa, ya koma yayyafi.

"Ƙara ruwa," in ji wata murya.
Ban gane ta wa ba ce.
Maƙogwaro ɗaya suka gada.

Suka fito jajur, suna tururi kamar dafaffen dankali,
tsofaffi biyu, mai tumbi da mai haƙarƙari,
suka bi gadar katako, suka fasa siririyar ƙanƙara,
ɗaya ya kurma ihu, ɗaya ya yi masa dariya.

Maganar daji tana nan. Lauya yana nan.
Takardar kotu na cikin aljihun kwat.
Amma daren nan babana ya ɗaga kofi da hannun dama,
ya manta ba ya iyawa.
Kuma minshari biyu na ji daga ɗakin kakata,
wannan na ja, wancan na saki,
kamar zarton da mutum biyu ke riƙe.

Na koma na zuba wa duwatsu ludayin ƙarshe,
na ja ƙofa, ban sa sakata ba.
Takan ce a bar wa mai zuwa baya ɗumi.